An Yi wa Usta Hanafi Fentin Jirgi

Kwamitin kulob ɗin tsofaffin ma'aikatan tashar jiragen ruwa na unguwarmu ya ari kayan Ammu (wato baffa) Lutfi don baje koli. Sun yi wa mutum-mutuminsa na bulon roba fentin jirgi, sun kankare tambarin shaguna daga jikin kayan, sun kwashe kwalayen sun ba mai sayen tarkace. Haka aka yi, kuma har yau babu ko ɗaya a cikinsu da ya hau benen nan ya ce masa ya yi haƙuri. Yanzu dattijon ya kira wani dillali daga Alƙahira ya zo ya kwashe abin da ya rage, ya bar garinmu Bur Sa'id da shi.

Ni maƙwabciyarsa ce. Muna hawa na biyu, shi da matarsa Hajiya Itidal suna hawa na uku. Da yawa a garin nan abin da suka sani game da shi bai wuce "tsohon nan mai kayan wasa" ba, shi ya sa na ce bari in faɗi ko wane ne, don kwamitin ya san kayan wa ya taɓa.

Ammu Lutfi bai yi wasan yara ba. Yana ƙarami aka kwashe mutanen gari saboda yaƙi, aka kai iyayensa wani ƙauye aka sauke su a ajin makaranta, gida huɗu a ɗaki ɗaya, barguna ne bango. Ya taɓa gaya min cewa abin wasansa a can murfin kwalba ne, shi ma sai an yi kokawa. Da aka dawo gida ya riga ya fara gemu. Sai aka buɗe gari ga kayan waje ba haraji, mutanen Masar kaf suka riƙa yo motoci suna zuwa sayayya wurinmu, shi kuma ya samu aiki a shagon kayan wasa na Alhaji Bayyumi. Shara ya fara yi, daga baya aka bar masa gilashin gaban shago ya riƙa jera kaya.

A shagon ne ya haɗu da bulon roba, irin ƙananan nan masu ƙuraje a kai da ake harhaɗawa a gina gida ko mota. Duk lokacin da kaya suka iso daga Turai, kamfanin kan haɗo da abubuwan da ba na sayarwa ba: allon talla, hular ma'aikatan shago, rigar aiki, littafin hotunan kayan shekara, wani lokaci har da rubutun Larabci da wanda bai iya Larabci ba ya yi. Shekara na ƙarewa Alhaji Bayyumi zai ce a zubar.

"Alhaji, in ɗauka?"

"Ɗauki mana. Ka rage wa mai shara aiki. Amma kar uwarka ta zo ta ce ni na haukata ka."

Daga nan abin ya kama shi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, Ammu Lutfi ba bulon yake tarawa ba. Yana da bulo, amma ba shi ne ransa ba. "Bulo ai duk mai kuɗi zai saya," haka yake cewa. "Ni abin da aka yi don a jefar nake nema." Ya bi shagunan gari ɗaya bayan ɗaya yana roƙon abin da za su zubar. Ya saba da 'yan kwalekwalen nan masu ciniki da jiragen da ke wucewa, ya nuna musu tambarin kamfanin ya ce duk abin da suka gani da shi a hannun matuƙa su karɓo masa. Su kuwa suka mai da shi abin tsokana.

"Lutfi, an samo maka buroshin haƙori. Sai dai mai shi ya ɗan fara aiki da shi."

"Kwalinsa fa?"

"Ka ji shi. Ana maganar haƙorin wani, shi yana tambayar kwali."

Haka ya tara laima, agogon bango, maƙalar makulli, mazubin ƙanƙara mai siffar bulo, jakar makaranta, abin goge fensir, har da wani kofin jarirai mai hannu biyu da ya ce bai taɓa ganin irinsa a wurin kowa ba. Ɗakin da aka ware wa baƙi a gidansu shi ya cinye. Hajiya Itidal ta shekara da shekaru tana mita. In na shiga gaishe ta, kafin in zauna za ta ce, "Ummu Nirmin, ki gaya wa danginmu kar su zo kwana. Wanda ya zo, a tsaye zai kwana kusa da Usta Hanafi."

Usta Hanafi shi ne mutumin bulon. Duk wanda ya tashi a garin nan a zamaninmu ya san shi. Magini ne da jar hula, tsayinsa ya kai ƙirjina, an gina shi da bulo tun daga kamfani aka manne shi, aka kawo shi ya tsaya a ƙofar shagon Alhaji Bayyumi da hannu ɗaya a miƙe. Ban san wanda ya raɗa masa sunan ba. Babu yaron da zai wuce bai gaisa da shi ba. Ni ma na yi, da kayan makaranta a jikina, uwata tana jan ɗaya hannun nawa. Rana ta cinye launin ɓarin jikinsa na hagu, hannun nan kuwa yara sun shafe shi har ƙurajen bulon suka side, ya yi sumul kamar sabulu.

Da ciniki ya ja baya, Alhaji Bayyumi ya rasu, 'ya'yansa suka mai da wurin shagon waya. Ammu Lutfi ya je ya roƙi Usta Hanafi aka ba shi. Ya lulluɓe shi da bargo ya kwantar a amalanke ya turo har gida, mutane a hanya suna matsawa gefe suna cewa Allah Ya ba shi lafiya.

Yanzu in zo kan abin da ya sa ba zan yi shiru ba.

Mijina Atif injin ɗaga kwantena yake tuƙawa a tasha. Wata safiya yana ɗaura takalmi ya faɗi, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo daga asibiti hannun damansa a lanƙwashe kamar ba nasa ba. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa. Ya ɗauke ta da hagu ya jefi bango da ita, ya juya fuska. Mutumin da ke ɗaga ƙarfe daga cikin jirgi ya ajiye shi daidai inda aka ce, ya koma ni ke ba shi shayi da cokali. Ya daina magana da kowa. Abokan aikinsa sun zo, sun yi addu'a, sun tafi, kuma na gode musu.

Sai ga Ammu Lutfi wata la'asar da bokiti cike da bulo. Ya ajiye a gaban Atif ya zauna.

Atif ya kalli bokitin ya ce, da bakinsa da bai gama dawowa ba, "Ammu, wasan yara ka kawo min?"

"Aiki na kawo maka, Abu Nirmin. Waɗannan sun manne da juna. Haƙorana sun ƙare, idona ya ƙare, Hajiya ta ce in na sake taɓa wuƙarta za ta kai ni gidan 'yan'uwana. Kai kuma na ga ba ka da abin yi."

"Hannu ɗaya gare ni."

"To ɗayan ya danne, wannan ya ja. Ko dannewar ma ba zai iya ba? Malalaci ne?"

Na tsaya a ƙofar kicin ina jira bokitin ya bi ƙwallon. Bai bi ba. Atif ya ɗauki mataccen hannun nan da hagunsa ya ɗora a kan bulo, ya ja. Ranar guda biyu kawai ya raba. Ammu Lutfi ya karɓa ya duba ya ce, "Aikin gwamnati kake min," ya bar bokitin ya haye sama. Daga baya Hajiya Itidal ta faɗa min cewa shi da kansa yake zama ya manna su kafin ya sauko.

Ya riƙa saukowa kullum bayan la'asar. Wata rana ya iske ni ina ba Atif shayi, rabi a baki rabi a riga, Atif yana jin kunya yana huce haushi a kaina. Sai ya fita. Ya dawo da kofin jariran nan mai hannu biyu, a cikin kwalinsa da ba a taɓa buɗewa ba. Na san kofin, don ko ƙura Hajiya ba a yarda ta goge masa ba. Ya sa farce ya yanke liƙin a gabana.

Na ce, "Ammu, kar ka yi. Zan sayo wani a kasuwa."

Ya ce, "Na kasuwa hannunsa ƙanana ne, yatsun wannan ƙaton ba za su shiga ba. Ɗauraye shi ki zuba."

Yatsun Atif suka shiga. Ya ɗaga kofin da hannu biyu ya sha shayi da kansa, karo na farko tun faɗuwarsa. Ni na koma kicin na yi abin da zan yi a can.

Bayan nan sai Ammu Lutfi ya ce zai gina injin ɗaga kaya irin na tasha, yana so Atif ya duba masa. Ya zo da wani abu mai dogon wuya da ƙafafu a karkace. Atif ya dube shi, na ga jijiyar goshinsa ta tashi.

"Wannan mene ne?"

"Injinku."

"Wannan raƙumin dawa ne. Ina nauyin baya? In ka ɗaga ko akwatin ashana da wannan, da kai da shi a ruwa za a tsamo ku."

"To ni a talabijin na gani."

"Miƙo nan."

Watanni suka yi a kan injin nan. Duk abin da Atif ya gyara da la'asar, gobe zai tarar Ammu Lutfi ya ɓata wani wurin, su yi ta faɗa kamar yara, ni ina kawo shayi. Magana ta dawo wa mijina ta hanyar zagin injin Ammu Lutfi. Yau Atif yana tafiya da sanda, yana ɓalle maɓallin rigarsa, yana yanka burodi. Bai koma aiki ba, ba zai koma ba, amma mutum ne a gidansa. Likita ya yi nasa, Allah Ya yi nasa, dattijon hawa na uku ma ya yi nasa, kuma ko sisi bai karɓa ba. Labari ya bazu a unguwa. Matar mai burodi ta kawo mahaifinta, wani direba ya kawo matarsa. Ɗakin baƙin nan ya koma wurin da masu mataccen hannu ke zama da la'asar suna raba bulo, Usta Hanafi yana tsaye a kansu, Hajiya Itidal tana mita tana dafa musu shayi.

To, da bikin ranar gari ya matso, kulob ya ce bana zai yi baje kolin tsohuwar Bur Sa'id. Shugaban kwamiti, Rayyis Dasuƙi, wanda ya yi rayuwarsa yana shugabantar masu fentin jirage, ya hau bene da kansa ya sha shayi ya roƙi aron kayan. Ban taɓa ganin Ammu Lutfi cikin farin ciki irin na ranar ba. Shekarun nan duk dariya ake masa, yau ga manyan unguwa sun zo da kansu. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ina zaune ya faɗa: a ajiye komai yadda ya zo, kar a taɓa.

Rayyis Dasuƙi ya dafa ƙirji ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, Abu Samir. A hannuna suke."

Ana gobe buɗewa sai labari ya zo cewa wani babba daga ofishin gwamna zai leƙo. Duk matar ma'aikacin tasha ta san abin da wannan ke nufi. In babba zai zo, duk abin da ba ya motsi sai an yi masa fenti, har duwatsun bakin hanya. Haka aka horar da su, haka suka tsufa. Suka tsaya suka dubi Usta Hanafi da koɗaɗɗen ɓarinsa, kunya ta kama su. Wani ya ce akwai ragowar fenti a gidansa. Suka tuɓe riguna suka yi masa irin aikin da ake yi wa gindin jirgi, mai kauri, har layin da ke tsakanin bulo da bulo ya ɓace. Wani ya ɗauko makankarin tsatsa ya bi tsofaffin tambarin shaguna da ke manne a jikin kaya ya kankare su tas. Suka fito da komai daga kwali suka jera a kan farin ƙyalle. Kwalayen kuwa, da yake sun tsufa sun yi ja, sai aka kira mai sayen tarkace ya kwashe kafin baƙo ya gani.

Mun tafi buɗewar tare, ni da Atif da Ammu Lutfi, ya sa kwat ɗinsa ta ɗaurin aure. Tun daga ƙofa warin fenti ya tare mu. Atif ya gane warin kafin kowa, na ji ya tsaya cak da sandarsa.

Rayyis Dasuƙi ya taho da fara'a ya kama hannun Ammu Lutfi ya ja shi ciki. "Zo ka ga mutuminka. Mun mai da shi ango."

Ga Usta Hanafi yana ƙyalli, ja da fari kamar alamar kan ruwa, an zana masa sababbin idanu, ɗaya ya fi ɗaya girma. Ammu Lutfi ya tsaya a gabansa. Sai ya miƙa hannu ya gaisa da shi yadda ya saba yi duk safiya, fentin bai bushe ba, ya kama masa tafi. Ya dubi tafin nasa. Ya dubi teburin, laima da agogo da huluna duk tsirara ba kwali. Ya ce, "Sannunku da aiki." Ya ciro hankici ya naɗe hannun ya fita.

Ni ban fita ba.

Na ce, "Rayyis, me ya ce muku a gabana?"

"Ummu Nirmin, gyara muka yi. Ba ki ga yadda yake ba ne? Kamar wanda aka tsamo daga teku. Shafi biyu muka yi masa, ba ɗaya ba."

"Hannun nan da kuka cike da fenti, 'ya'yanku ne suka side shi. Naka ma suna ciki. Ina kwalayen?"

"Kwali ai shara ne, 'yar'uwa. Kaya dai ga su nan, ko allura ba ta ɓata ba."

Atif ya ce, "Rayyis, wannan ba jirgin gwamnati ba ne." Abin da ya ce ke nan, kuma ya fi duk surutun da na yi bayan haka, wanda ba zan maimaita a nan ba.

Bari in gaya wa kwamiti abin da ke jikin sharar. Kowane kwali yana ɗauke da hatimin shagon da ya fito: na Alhaji Bayyumi, na 'yan'uwan nan biyu da ke bayan gidan kwastan, na Bagirkiyar da ke sayar da kayan jarirai. Shagunan nan babu ko ɗaya yau. Kun ce baje kolin tsohuwar Bur Sa'id kuke yi, kuka ɗauki tsohuwar Bur Sa'id ɗin kuka ɗora a keken mai tarkace.

Ban ce mugunta kuka yi ba. Na san ku, na san matanku, kun tsaya wa Atif a kan haƙƙinsa na fansho kuma ban manta ba. Amma an ce muku kar ku taɓa, kun taɓa. Bayan nan kuka aiko da kayan a cikin buhuna, kuka riƙe Usta Hanafi wai sai ya bushe, kuka yi shiru.

Tun ranar Ammu Lutfi bai buɗe ɗakin ba. Mahaifin matar mai burodi ya hau benen nan da ƙyar ya tarar da ƙofa a rufe. Ammu Lutfi bai zagi kowa ba, bai kai ƙara ba. Waya kawai ya ɗaga ya kira dillalin da ya daɗe yana roƙonsa yana ƙi, ya ce ya zo ƙarshen wata da mota. Hajiya Itidal ta sauko wurina ta zauna a gefen gado, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana cewa a kwashe mata tarkace daga ɗaki. Ta ce, "Ummu Nirmin, in aka kwashe su me zai tashi ya yi da safe? Ni ba na son a mayar min da ɗakin. Ki gaya musu ba na so."

Na hau na same shi da kaina. Na ce, "Ammu, masu zuwa da la'asar fa?"

Ya ce, "Zan bar musu bokitin. Sauran kuwa, 'yata, na ɗauka na garin nan ne. Ashe nawa ne ni kaɗai, ni kuma na gaji."

Atif ya ɗauki sanda ya bi sawun mai tarkacen har filinsa da ke bayan layin dogo. Kwalayen suna nan, an ɗaure su da igiya an rufe da tamfol mai huji, ana jiran motar kamfanin takarda. Mai tarkacen ya ce ba ya son rigima, wanda ya ba shi shi zai mayar wa. Ga ruwan hunturu ya fara sauka.

Ammu Lutfi, na san Hajiya za ta karanta maka wannan, kuma na san za ka ce na cika baki. Na gode. Atif ya gode, ko da ba zai faɗa ba sai dai ya ce injinka har yanzu a karkace yake.

Rayyis Dasuƙi, da kai da 'yan kwamitinka, ga abin da nake nema. Ku je filin mai tarkace ku karɓo kwalayen nan da hannunku kafin mota ta zo ko ruwa ya gama da su. Kar wanda ya kusanci Usta Hanafi da man goge fenti, don na ji wani ya fara wannan shawarar, kuma man zai narkar da robar. Ku kawo shi yadda yake, mai shi ne zai ce abin da za a yi. Kar ku aiko da takardar yabo a cikin gilashi. Ku hau hawa na uku da ƙafafunku, ku duka, ku ce masa kun yi kuskure, ba tare da kun ƙara da cewa niyyarku alheri ce ba. Sannan ku roƙe shi ya kira dillalin Alƙahira ya ce ya fasa. Ku yi wannan kafin ƙarshen wata.